Fuska Ta Biyu

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Wadda ta shigo yau ma ta samu wuri ta zauna, ba ta makara ba, don abin da ya faru a walimar barka da salla shi ne cibiyar komai. Wasunku sun yi ta rubuto mini cewa girman kai ne ya kai ni ya baro ni. To ku ji tukuna, sannan ku yanke.

A takardun makaranta Rahinatu nake, a gida kuwa Tasalla, don ranar ƙaramar salla aka haife ni a Maiyama, ana sakkowa daga idi. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani. A lokacin ba a yanka mana Kebbi ba, komai namu Sakkwato yake zuwa. Ni ce mai buga tafireta a kamfanin sayen albasa da hatsi na Alhaji Magaji a Jega, ina zaune a Sabon Gari wurin Gwaggo Kulsum, ƙanwar babana. Ni kaɗai ce mace a ofis ɗin, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don hakan ba.

Kamfanin yana da rikoda babba mai lasifika biyu, wadda aka saya don yi wa manoma sanarwa a ma'ajiyarmu ta Aliero. Duk walimar ma'aikata, ta salla ko ta ƙarshen shekara, a hannuna take. Yaran yanzu di-je suke ce wa mai wannan aiki. Mu a zamaninmu Dije sunan mace ne, ni dai "mai kaset" ake ce mini. Aikin ya faɗo kaina ne ranar da wani direba ya ƙure murya da kalangu baƙi na cin tuwo, har wani tsohon dillali ya ƙware. Alhaji ya ce a ɗauke abin nan a ba wa mai hankali.

Kiɗan cin abinci ba kowane kiɗa ba ne. Kalangu ba ya zama da tuwo, sai mutum ya yi ta zuba loma kamar ana korarsa. Waƙar yabo kuwa fitina ce a kan tabarma, kana kiran sunan attajiri ɗaya na kusa da shi zai ji miyar ta yi lami. Molo nake sawa, ko sarewa, ko garaya marar waƙa, a hankali, daidai yadda tsoho mai nauyin kunne zai ji abin da maƙwabcinsa ke faɗa. Hannuwa nake kallo. In suka yi sauri in rage, in hira ta mutu in ɗan ƙara. Ladan na gyaran murya nake kashewa, shi ya sa malaman da Alhaji ke gayyata ba su taɓa tashi sun bar kwano ba. Dokokina biyu ne: ba a kiran sunan kowa a kan abinci, kuma ba na sa kaset sai na saurare shi fuska biyu, har ƙarshe.

Junaidu ne ya sa na karya duka biyun.

Shi ne akantan kamfanin, ɗan Aliero, dogo, mai son farar shadda da hula zanna. Ya yi karatu a Kaduna ya dawo yana karya harshe da Hausar Kano, Gwaggo na ce masa "mai ne da ce", don a wajenmu "na" da "ta" ake cewa. Mun daɗe tare. In kakar albasa ta riƙe shi a Aliero, ba wasiƙa yake aiko mini ba, kaset yake ɗauka da muryarsa, ya rubuta "Tasalla" a jiki da jan biro, ya ba direban mota ya kawo. In shige ɗaki, in rage murya, in kara kunne. Na ƙarshen da ya aiko, ana cikin watan layya, yana cikin jakata kullum. Na haddace shi kamar karatun allo.

"Assalamu alaikum, Tasallata, 'yar ƙaramar salla. Wallahi ban da ke ba ni da wata a duniyar nan. Ki ƙara haƙuri, bayan layya magabatana za su je Maiyama."

Ana gab da salla ya shigo ofishina ya ajiye wani kaset a kan tafireta. Shi ma jan biro, shi ma "Tasalla".

"Wannan na walima ne," ya ce, yana kallon ƙofa. "In an fara cin nama za ki sa."

"Na wane ne?"

"Abdu Gudiya, mai molon nan na Danwarai."

"Da waƙa ko babu?"

"Ki dai sa."

Bai san ni ba ne? Yana fita na tura ƙofa na danna. Molo ya fara, mai sanyi, sannan muryar tsohon ta shigo:

"Junaidu ɗan Usmanu mai alƙalami,
Ka zaɓi taka, ba ka yi kure ba,
Tasalla mai zuwa ran idi,
Kowa da sabon kaya yat tarbe ki."

'Yan uwa! Na zauna a ƙasa, ni Rahinatu da ba na zama a ƙasa a ofis. Fuska ta ɗaya gaba ɗayanta haka take, Junaidu da Tasalla, Tasalla da Junaidu. Ina shirin juyawa ke nan sai ga shi ya dawo kamar an jefo shi.

"Kin ji?"

"Na ji fuska ta ɗaya." Na kasa haɗa ido da shi, ina ta wasa da bakin gyalena. "Ashe a gaban jama'a za ka faɗa? Ba ka jin kunya?"

Ya yi shiru. Shirun nan shi nake tunawa har yau. A cikinsa yana da damar faɗin kalma ɗaya. Sai ya miƙo hannu ya zare kaset ɗin.

"Ta biyun ki bari sai ranar."

"Ka san dokata."

"Ki yi mini wannan alfarmar, Rahinatu. Kawo in ajiye, na san halinki."

Na yi dariya na bar masa. Ko a jikina ban ji cewa ya kira ni Rahinatu ba, shi da bai taɓa kirana da sunan takarda ba.

Salla a Maiyama na yi ta. Babana, Malam Ɗahiru, mai makarantar allo ne, kuma tun ranar da ya ji ina sa kiɗa a taro bai sake yi mini dariya ba. Bayan an gama fiɗar rago ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Tasalla, an tare ni masallaci an ce ɗiyar malam ta koma makaɗiya."

"Baba, ba kiɗa nake yi ba, danna maɓalli nake."

"Mai danna da mai bugawa, kunne ɗaya su ka shiga. Na yi maki boko don ki yi ilimi, ba don ki tsaya gaban maza kina raba masu amo ba. Magana guda ta. In yaron wanga da gaske shi kai, magabatanshi su zo bayan salla. In ba su zo ba, ki kwaso kayanki ki dawo gida. Aikin ya ƙare."

Da wata ce da kuka za ta sa. Ni na ɗaga kai.

"Baba, ka bari a yi walimar kamfani. A ranar zai faɗa a gaban Alhaji da malamai. Gwaggo ce za ta yi girkin, da kunnenta za ta ji ta kawo maka."

Ya daɗe yana kallona.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ku ga inda na ɗaure kaina, da bakina, a zauren ubana.

Ranar walima hadari ya haɗu tun safe amma bai zubo ba. Na sa leshina mai ruwan ƙwai wanda nake ɓoyo, da gyale fari mai ƙananan duwatsu, lallen salla bai gama fita a hannuna ba. Na ja kwalli, na shafa turaren da Junaidu ya kawo mini daga Sakkwato. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa tana ɗaura zanin girki.

"Wagga kwalliya hwa? Kaset za ki sa ko ke za a sa a lalle?"

"Gwaggo ke dai ki buɗe kunne."

"Kunnena a buɗe shi ke tun ba a haihe ki ba. Ki dai ci abinci, kada ki hwaɗi a gaban mutane."

A babbar rumfar da ake shanya albasa aka yi shimfiɗa. An share, an yayyafa ruwa, amma warin albasa na nan, shi ba ya tafiya hutun salla. Maza a gaba, manyan baƙi da malamai a kan darduma, matan ma'aikata a bayan labulen atamfa. Teburina yana tsakani, inda nake ganin kowa. Aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe, masa, soyayyen naman layya a manyan farantai, fura da nono a ƙwarya, lemon kwalba a cikin baho.

Bayan la'asar aka yi addu'a, na sa sarewa. Hannuwa suka fara tafiya yadda nake so.

Atika ta ratso ta bayan labule ta gaishe ni. 'Yar Alhaji ce ta fari, ba ta daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Takan kawo wa babanta abinci ofis, yarinya mai ladabi, kullum "Yaya Rahinatu". Alhaji bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba saboda alkunya, sai dai "yarinyar nan". Mu ma Atika muka sani, sunan da ke takardunta. Ranar ta sha leshi shuɗi da sarƙar zinari, ƙafafunta baƙi ƙirin da sabon lalle.

"Kin yi kyau, Atika."

"Ke ma, Yaya," ta ce, ta rufe fuska da gyale ta gudu.

Da aka fara miƙa farantan nama Junaidu ya zo, babbar riga fara fes, ya ajiye kaset ɗin bai dube ni ba. Alhaji ya ɗago hannu daga darduma.

"Mai kaset, sa muna wanda Junaidu ya ba ki. Ki ɗan ɗaga, kowa shi ji."

Na ce a raina, Allah sarki, har Alhaji ya sani, shi zai tsaya masa a matsayin uba.

Molo ya tashi. Da aka ce "Junaidu ɗan Usmanu" maza suka ɗauki shewa, ana dukan kafaɗarsa. Da aka ce "Tasalla" na ji guɗa daga wajen tukwane, na san muryar Gwaggo ce. Na sunkuyar da kai, karo na farko a wannan kamfani, ina murmushi ni kaɗai. Wasu direbobi da suka san sunana na gida suka fara waigowa suna yi mini dariya. Fuska ta ɗaya ta ƙare, rikoda ta yi ƙas. Da hannuna na buɗe, da hannuna na juya, da hannuna na danna.

"Tasalla ɗiyar Magaji mai albasa,
Ran layya anka haihe ki,
Rago yaf faɗi, ke kinka faɗo,
Atika, Junaidu ya gode Allah."

Ran layya.

Ni 'yar ƙaramar salla ce.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an zare mini ƙashin baya an bar ni a zaune. Guɗa ta ɓarke a bayan labule, ta mata da yawa, amma ta Gwaggo ta yanke a tsakiya. Direbobin nan suka mayar da idanunsu cikin kwano. Alhaji yana ta karɓar hannu, yana cewa ai an riga an yi magana da mutanen Aliero tun kafin salla, yau dai sanarwa ce. Tun kafin salla. Wato lokacin da Junaidu yake ɗaukar mini murya yana rantsuwa, goron wata yana hanya.

Yatsana yana kan maɓallin kashewa. Dannawa ɗaya rumfar za ta yi tsit, kowa ya waigo, kowa ya gane. Abin da suke jira ke nan, waɗanda suka sani. Su ga 'yar bokon nan mai ɗaga hanci ta kife a kan tebur tana kuka.

Na janye yatsana. Na duba hannuwa, na ga guɗa ta sa sun yi sauri, na rage murya kaɗan kamar yadda na saba. Na bar Abdu Gudiya ya yabi Atika tun daga kakanninta har zuwa lallen ƙafarta. Ban tsallake baiti ɗaya ba. Da ya gama na cire, na sa garaya marar waƙa, don mutane ba su gama cin nama ba.

Gwaggo ta iso, ludayi a hannu, idanunta jajur.

"Tashi mu tahi gida."

"Ban gama aiki ba, Gwaggo."

"Wane aiki? Ɗiyar ɗan'uwana za a yi ma wanga wulaƙanci ina tsaye? Bari in je in juye mashi miyar ga bisa rigar!"

"In kika yi, ni kika zuba wa. Ki koma wajen tukunya. Ba wanda zai ce ya ga hawayena a kan tuwon Alhaji."

Ta dube ni. "Taurin kanki na ubanki na," ta ce, ta juya.

Sai da kwano na ƙarshe ya tashi, malamai suka shafa fatiha, sannan na kashe. Ina naɗe wayar lasifika Junaidu ya zo ya tsaya a gefen teburin, yana yi kamar taya ni yake.

"Rahinatu, ki fahimce ni. Alhaji ne ya kira ni da kansa. Mutumin da ya ɗauke ni aiki, yaya zan ce masa a'a?"

Na ci gaba da naɗi.

"Na so in gaya miki. Shi ya ce a ba wa mai kaset, ni kuma..."

"Ranar da na ce maka ba ka jin kunya, me ya riƙe bakinka?"

Ya gyara hula. "Ai ni ban taɓa ce miki ke ce a waƙar ba."

Na tsaya na kalle shi sosai. Gaskiya ya faɗa. Bai ce ba. Ya dai tsaya yana kallona ina murna, ya zare kaset ɗin, ya bar ni na je na yi wa ubana rantsuwa.

"Haka ne, Malam Junaidu, ba ka ce ba. Matsa, kana taka mini waya."

Ya matsa. Wallahi ya matsa, har da ba wa wayar haƙuri.

Na san abin da ke jirana. Kafin in kai Sabon Gari labari ya kai Maiyama a bayan babur ɗin wani. Baba ba ya magana biyu, ni ma ba na yi. Na yanke a raina da safe zan tafi da ƙafata, in durƙusa a zauren nan in ce masa na ce na tabbata, ban tabbata ba, ga ni ga kayana. Ba zan bari a aiko a ɗauke ni ba. Tafireta da rikoda, na shafa su duka biyu a zuciyata na yi musu sallama.

Ina rufe jaka sai ga Atika, tana haki, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Yaya Rahinatu, don Allah ki ba ni kaset ɗina. Ban ji da kyau ba, guɗa ta hana ni."

"Ashe Tasalla ake ce miki a gida?"

"Eh, Inna ce ta sa mini. Ke ma an ce haka ake kiranki, ko? Ashe takwara muke!"

Na duba idonta ina neman mugunta, ban samu ba. Ba ta sani ba. Ita ma fuska ɗaya aka ba ta ta saurara.

Na ɗauki na Abdu Gudiya daga kan tebur. Sannan na zuge jakata na ciro ɗayan, wanda na haddace. Iri ɗaya, jan biro ɗaya, hannu ɗaya. Na ɗora nawa a sama na miƙa mata.

"Duka biyun sunanki ne a jiki, kuma rubutunsa ne. Ki fara da na saman. In kin shiga ɗaki, ke kaɗai. Kuma takwara, ki riƙe wannan daga gare ni: duk abin da namiji ya ba ki, ki ji shi har ƙarshe, fuska biyu."

"Na gode, Yaya!"

Na ce a ɗaki. Allah ne shaidata, na ce ita kaɗai.

Yayyafi ya fara sauka lokacin da muka fito ni da Gwaggo, tana ɗauke da kwanukanta, ni da jakata. Fijon Alhaji tana bakin ƙofa. Yana gaba, gilashi a sauke, yana sallama da baƙi. Junaidu ya riƙe murfin baya, surukin kirki, Atika ta shiga. Na ga ta miƙa kaset ɗin da na ɗora a sama ta kan kafaɗar direba.

"Sanusi, sa muna wanga, Baba shi ƙara ji."

Motar Alhaji na da rediyo mai cin kaset. Na ji ƙas. Na ji ɗan shuu ɗin nan na farko. Sannan gyaran muryar da na fi sani a duniya ya fito ta tagogi huɗu, don Sanusi shi ne direban nan mai ƙure murya.

"Assalamu alaikum, Tasallata, 'yar ƙaramar salla. Wallahi ban da ke..."

Hannun Alhaji ya tsaya a sama. Junaidu yana riƙe da murfin mota, ruwa na sauka a kan farar rigarsa.

Gwaggo ta sauke kwanukanta a ƙasa a hankali, ta gyara tsayuwa.

"Ba ki zuwa ki rage masu?" ta ce.

Na gyara gyalena.

"Na tashi aiki, Gwaggo."